Makanikin da Bai Auna Ƙofa Ba

An yi wani mutum a wani gari da ke gindin dutse, makaniki ne, yana da gareji a bakin hanya. Garejin yana da ƙofar langa-langa, amma tun ranar da aka sa ta aka tokare ta da wata tsohuwar taya, har ciyawa ta tsiro a cikin tayar. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, sai dai bai iya cewa a'a ba. In motarka ta mutu a hanya, shi za ka kira. In injin niƙan matan zumunta ya tsaya, shi ne. In janaretan majami'a ya fara tari ana tsakar wa'azi, kafin fasto ya ɗaga kai ya riga ya fita da sifana a aljihun rigarsa ta Lahadi. Yana kwamitin gini, yana kwamitin biki, shi ne kuma mai raba rigimar 'yan acaɓa. Wayarsa ba ta yin shiru. Saboda haka kullum a gajiye yake, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ana yi masa magana yana cewa "to, to," alhali hankalinsa ya riga ya tafi wurin aiki na gaba.

Mutumin nan yana da uba, tsohon direba, wanda yake zaune a ɗakin baya na gidansa. Asalinsu mutanen wani ƙauye ne da ke kan dutsen, can sama. Tsohon yana da ƙane a ƙauyen mai suna Nomau, uwa ɗaya uba ɗaya, amma sun yi shekaru masu yawa ba sa ga maciji da juna. Abin da ya raba su itacen ɗorawa ne da ke kan iyakar gonakinsu. A wajenmu kun san gona daban, itacen da ke cikinta daban, ana iya ba wannan ƙasa a ba wancan itace. Da mahaifiyarsu ta rasu sai suka yi jayayya a kan ɗorawar har gaban mai gari, aka ba yayan gaskiya. Bai ko ci moriyarta ba, ya sauko gari ya kama tuƙi, ya bar ƙanensa da ɓacin rai. Yanzu dukansu sun tsufa, Nomau kuma ya makance, ba ya iya sauko da dutse.

Hanyar ƙauyen nan ba ta ƙaramar mota ba ce. Duwatsu ne zube, babura kaɗai ke hawa, tsohon kuwa bayansa ba ya barinsa zama a kan babur. Amma yana da tsohuwar motarsa a-kori-kura, wadda ta sha hawa dutsen a zamaninta, tana ajiye a bayan gareji, injinta ya daɗe da mutuwa, kaji na ƙwai a kujerar gaba.

Wata rana tsohon ya kira ɗansa ya ce, "Ka tayar mini da motar nan ka kai ni wurin Nomau. Ina da magana da shi, kuma ba ta aike ba ce."

Ɗan ya ce, "To, Baba, da na sallami masu motocin nan."

Masu motoci kuwa ba sa ƙarewa. Damina ta wuce, kaka ta wuce, tsohon yana fitowa da safe ya zauna a inuwa yana kallon motarsa, bai sake cewa komai ba. Matar makanikin ce ta kasa haƙuri. Ta same shi yana cin tuwo a tsaye, waya a kunne, ta jira ya gama, sa'an nan ta ce, "Baban Afiniki, duk garin nan ba wanda ba ka gyara wa abu ba, sai wanda ya haife ka. Ka dubi hannunsa kuwa kwanan nan? Ko kofi ba ya iya riƙewa sai ya zubar."

Maganar ta shige shi. Kashegari ya kori kajin, ya sauke injin, ya kwance shi gaba ɗaya.

Domin waɗanda ba su taɓa leƙa cikin inji ba, bari in faɗi yadda yake a taƙaice. A cikinsa akwai wasu ɗakuna ƙanana masu zurfi da ake kira silinda. A kowane ɗaki akwai wani ƙarfe mai suna fistan, yana sauka yana hawa. A rufin ɗakin akwai 'yar ƙofa da ake kira bawul, ta nan iska da mai suke shiga. In fistan ya sauka sai ya zuƙo su su cika ɗakin. In ya hau sai ya matse su a wani ɗan lungu can sama, filogi ya kyasta musu wuta, su fashe su tura fistan ƙasa da ƙarfi. Ƙarfin mota duka daga matsin nan yake fitowa. Shi ya sa makanikin da ya san aikinsa ba ya haɗa inji sai ya lissafa matsin, wato sau nawa ɗan lungun zai shiga cikin ɗakin gaba ɗaya.

Mutumin nan ya san aikinsa. Ya ɗauki sirinji da mai marar kauri, ya ɗura a lungun har ya cika, ya ga yawan abin da ya ci. Ya auna faɗin ɗakin da zurfinsa, ya haɗa, ya raba, ya sami ninki tara. Lissafi ne mai kyau, daidai da irin injin, daidai kuma da irin man da ake samu a garin.

Amma akwai awo na biyu, wanda ya fi na farko wuya, ya kuma fi shi faɗin gaskiya. Ƙofar nan ba ta rufewa nan take da fistan ya kai ƙasa. Tana ɗan jinkirtawa, sai fistan ya juyo ya fara hawa sa'an nan ta rufe. Muddin tana buɗe, ba abin da ake matsewa, abin da ya shigo yana komawa ne ta inda ya shigo. Don haka lissafin gaskiya ba daga ƙasan ɗaki yake farawa ba, daga wurin da fistan ya kai sa'ad da ƙofa ta rufe yake farawa. Abin da yake ba ƙofar lokacin buɗewa da rufewa kuwa wani dogon ƙarfe ne mai ƙusumbi-ƙusumbi, ana kiransa kamshaf.

Na motar tsohon ya cinye, ba ya moruwa. Sai wani mai sayar da kayan gyara, wanda makanikin ya taɓa fitarwa daga wahala a hanya, ya kawo masa wani kamshaf kyauta, yana murna zai rama alheri. Ya ce, "Oga, wannan daga motar gudu aka cire shi, ya fi naka nesa ba kusa ba." Injinan dangin juna ne, da aka gwada sai ya zauna daram. Makanikin ya san dole ya auna inda sabon ƙarfen zai riƙa rufe ƙofa. Har ya samo siririn kara ya zura ta ramin filogi ya dire shi a kan fistan, ya fara juya injin da hannu a hankali yana kallon bawul. Yana cikin haka sai ga mutum ya faɗo ta ƙofar gareji ba ko sallama, wai famfon unguwa ya lalace, mata suna can tsaye da bokitai. Ya ajiye karan ya bi shi. Daga famfo aka ja shi wurin wata motar itace da ta ƙi tashi, daga can aka ce ana jiransa a taron kwamiti. Sa'ad da ya dawo da la'asar ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Ya dubi karan a ƙasa, ya ce a ransa, ai na auna ɗakin, tara ne, ya isa. Ya rufe injin ya ɗaure.

Da ya tayar da motar sai ta ɗauka da murya mai daɗi. Ya hau kwalta da ita, ta yi gudu irin wanda ba ta taɓa yi ba ko tana sabuwa. Mutane suka fito suna tafi, suna cewa hannun Oga dabam ne.

Ranar tafiya tsohon ya riga kowa shiryawa. Ya sa babbar rigarsa da hula, ya ɗaure sabon bargo da sabulu da sukari a ƙunshi domin ƙanensa. Suna fita gari ya gyara zama ya ce, "Bari in gaya maka abin da zan faɗa wa Nomau, ko da harshena zai yi nauyi in na gan shi. Ka riƙe mini."

Ɗan ya ce, "Ina ji, Baba."

Tsohon ya fara tun daga ƙuruciyarsu. Bai yi nisa ba waya ta yi ƙara, ɗan ya ɗauka, ya yi wa wani bayanin yadda zai hura kafireta. Tsohon ya yi shiru har ya gama, ya ɗora daga inda ya tsaya. Waya ta sake ƙara. Can gaba wani mai babur ya ɗaga hannu a gefen hanya, makanikin ya taka birki tun kafin ya yi tunani, ya sauka ya duba masa. Ya dawo yana share hannu, ya ce, "Ci gaba, Baba, ina ji." Tsohon ya ci gaba. Haka suka yi ta yi har kwalta ta ƙare. Kunnen ɗan ya tsinci sunan kakarsa, ya tsinci wata shekarar yunwa, ya tsinci maganar wata akuya, amma bai san abin da ya haɗa su ba.

Suka kai gindin dutse. A nan ba gudu, sai rarrafe a giya ta ɗaya, ana zaɓen inda taya za ta taka. Motar da ta yi ta fiffika a kwalta sai ta fara nishi. Ta yi karkarwa, ta yi tari, ta mutu. Ya sake tayar da ita, ya danne totur yana sakin kuloci kaɗan-kaɗan, ta ɗan ja, har warin ƙuna ya cika musu hanci. Da ƙyar ta kai wata kwana ta sake mutuwa. Ya yi maza ya sauka ya sa wa taya dutse don kada ta koma da baya, ya buɗe gaban motar ya tsaya yana kallo, gumi na zuba, bai ga abin da ya kwance ko ya karye ba.

Tsohon ya leƙo ta taga ya ce, "Kunna ta in ji."

Ya kunna. Tsohon ya karkata kai yana saurare, sa'an nan ya yi masa hannu ya kashe.

"Da ka lissafa matsin, nawa ka samu?"

"Tara, Baba."

"Daga ina ka fara ƙirga?"

"Daga ƙasa."

"A ƙasa ai ƙofa a buɗe take, yaro. Ka auna ɗaki, ba ka auna ƙofa ba."

Makanikin ya sunkuyar da kai, gama ya tuna da karan da ya bari a ƙasa. Ya ce zai goya uban ya ƙarasa da shi. Tsohon ya dubi sauran hawan, ya dubi ɗansa da furfura ta fara fito wa, ya yi 'yar dariya ya ce, "Sai mu faɗi mu biyu a rasa mai ɗaukar wani." Ɗan ya ce to bari shi ya hau da ƙafa ya kai saƙon. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Na ce maka ba ta aike ba ce. Zo ka zauna, ka gaji."

Ya shiga ya zauna. A kwanar nan dutse ya tare ko'ina, waya ba ta samun hanya, ga inji a mace, ba mai wucewa. Rabonsa da jin shiru irin wannan har ya manta. Daga inda suke ana hango rufin majami'ar ƙauyen, da kan wani babban itace a gefensa. Tsohon ya ɗaga hannu ya nuna.

Ya ce, "Ka ga ɗorawar can? Ta Nomau ce. Inna ta faɗa da bakinta tana kwance, ni kaɗai ne a ɗakin. Na je gaban mai gari na ce ban ji ba. Abin da zan fara gaya masa ke nan in mun isa. Zan ce masa, Nomau, na ji."

Wannan karon ɗan bai ce "to" ba. Ya zauna yana kallon itacen, maganar kuwa ta shiga ta zauna. Bayan wani lokaci suka cire dutsen, suka gangara da baya a hankali har ƙasa. Da suka hau kwalta motar ta sake kama gudunta kamar ba ita ba, abin ya ƙara ba shi kunya. Tsohon ya rungume ƙunshin bargon a cinyarsa har gida.

Da gari ya waye makanikin ya je gareji ya kama tayar nan da ke tokare da ƙofa. Sai da ya sa ƙarfi, don saiwar ciyawa ta riƙe ta. Ya zuba wa ƙofar baƙin mai inda ta yi tsatsa, ya ja ta tana kuka, ya rufe, ya sa sakata, ya kashe waya. Ba a jima ba aka fara bugawa. "Oga! Oga yana ciki?" Yana jin muryoyin da ya sani, kowane bugu kamar a ƙirjinsa ake yi, amma ya daure bai amsa ba. Wasu suka tafi suna gunaguni, wai Oga ya fara girman kai.

Ya ɗauki karan ya zura ta ramin filogi. Ya juya injin da hannu har fistan ya kai ƙasa, ya yi wa karan alama. Ya ci gaba da juyawa a hankali, idonsa a kan bawul. Fistan ya fara hawa, ƙofa a buɗe. Ya ƙara hawa, ƙofa a buɗe. Sai da ya yi nisa sosai sa'an nan ta rufe, ya yi alama ta biyu a nan. Ya auna abin da ya rage daga alamar zuwa sama, ya haɗa da lungun, ya raba. Bai sami tara ba, da ƙyar ya sami shida. Motar tana zuƙar abu mai yawa, tana mayar da shi waje kafin a matse. A wurin gudu ba a ganewa, domin iska tana shigowa da ƙarfi, ba ta samun zarafin juyawa. Sai an zo wurin tafiyar hankali da nauyi sa'an nan asiri yake tonuwa. Kyautar abokinsa ba ta da aibi, an dai ƙera ta ne domin wata hanya dabam.

Ya tafi babban gari ya yi ta yawo a kasuwar kayan gyara har ya sami kamshaf irin na ainihi. Ya dawo ya sake rufe ƙofar gareji, ya ɗaura, ya auna. Yanzu ƙofar injin tana rufewa da wuri, lissafi ya kai kusan takwas. Yana cikin ɗaure sauran kusoshi sai ya ji ana buga ƙofa da tafin hannu. Ya yi niyyar ƙyalewa, sai ya ji muryar matarsa.

"Baban Afiniki, buɗe! Baba ne!"

Tsohon ya faɗi a bakin ɗakinsa. Aka kai shi asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Rai ya tsaya, amma baki ya karkace, magana ta ɗauke. Likita ya ce wataƙila ta dawo, wataƙila ba za ta dawo ba. Da aka komo da shi gida, idanunsa kaɗai suke da rai. Duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya ɗaga hannun da ya rage masa ya nuna wajen dutse.

Ɗan ya ƙarasa aikinsa yana share hawaye da bayan hannu. Suka shimfiɗa katifa a bayan motar, matarsa ta zauna ta tallafe kan surukinta, ƙunshin bargo a gefe. Suka kai gindin dutse, ya sa giya ta ɗaya. Motar ta kama hawa a natse, ba tari, ba karkarwa. Suka wuce kwanar nan, ga dutsen da ya sa wa taya yana nan a gefen hanya. Bai ji daɗin komai ba, tuƙi kawai yake yi.

Suka sami Nomau zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa, sanda a gefe. Ya karkata kai da jin ƙarar injin ya ce, "Wannan kukan na san shi. Wane ne?"

Makanikin ya durƙusa ya ce, "Ni ne, Baba, ɗan yayanka. Na kawo maka shi."

Aka sauko da tsohon aka jingine shi kusa da ƙanensa. Nomau ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashi.

Ya ce, "Yaya? Yi magana in ji muryarka."

Tsohon ya motsa baki, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ba abin da ya fito sai nishi. Nomau ya jira. Da ya ji shiru sai ya kau da kai ya ce, "Ashe har yanzu ba ya magana da ni."

Makanikin ya yi sauri ya ce, "A'a, Baba, ba haka ba ne. Ciwo ne ya ɗauke masa baki." Ya kama hannun ubansa ya sa a cikin hannun makahon. Sa'an nan ya ce, "Ya ce maganar ba ta aike ba ce, amma ga shi a gabanka, bari in zama bakinsa. Ya ce ɗorawar taka ce. Inna ta faɗa tana kwance, yana ɗakin. Ya je gaban mai gari ya ce bai ji ba. Ya ce in ya gan ka, abin da zai fara ce maka shi ne, Nomau, na ji."

Nomau ya yi ta shafa yatsun yayansa ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Ai na san ya ji. Ina bayan danga a ranar, ni ma na ji ta. Ba itacen nake jira ba duk shekarun nan, wannan kalmar nake jira. Yaya, na yafe. Allah ya yafe mana duka." Tsohon ya matse hannunsa, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye.

Da suka ɗan natsu, aka shimfiɗa musu sabon bargon, sai Nomau ya juya wajen makanikin ya ce, "Me kuma ya ce? Yaya ba mai gajeriyar magana ba ne."

Makanikin ya lalubi kansa, bai sami komai ba sai gutsattsari. Ya ce, "Ya faɗi da yawa, Baba, tun daga gida har gindin dutse. Akwai maganar Inna, akwai shekarar yunwa, akwai maganar wata akuya. Ban riƙe ba."

Nomau ya ce, "Akuya? Wace akuya?"

Dukansu suka juya wajen tsohon. Shi kuwa yana kallon ɗansa kawai. Ya zauna a gidan ƙanensa har ya rasu kafin saukar ruwan fari, bakinsa bai buɗe ba. Ba wanda ya san maganar akuyar nan har yau.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Injin nan zuciyar mutum ce. Abin da yake shiga ciki shi ne Maganar Allah, da maganar mutanen da Allah ya sa a gidanka. Ƙofar hankalinka ne. Kwalta ita ce ranakun da komai yake tafiya daidai, kowa yana tafa maka. Dutsen kuwa ranar nauyi ce, ranar ciwo, ranar makoki, ranar da za a neme ka da abin da ka riƙe.

Mu mun saba auna kanmu da awo na farko. Muna ƙirga yawan abin da ya shiga: sujadar safe, taron addu'a, koyon waƙa, zumunta, kwamiti kaza da kwamiti kaza. In aka lissafa haka, da yawanmu tara ne cif. Amma Ubangiji ba daga ƙasan ɗaki yake fara lissafi ba, daga inda ƙofa ta rufe yake farawa. Ina ganinku ran Lahadi. Kafin a gama albarka wani ya riga ya laluba aljihu, kafin a kai bakin titi an shiga cinikin taki da labarin wanda ya sayi sabon babur. In aka tare ka ran Talata aka ce me aka karanta, sai ka ce, "Kai, fasto ya yi wa'azi mai zafi," daga nan kuma sai kame-kame. Abin ya shiga, ba wanda ya ce bai shiga ba. Ya dai fita ta inda ya shigo.

Na san kun gaji. Ina ganin gajiyar a fuskokinku, musamman ku iyaye mata da kuke tashi kafin kowa, da ku dattawan da ba a yin taro sai da ku. Abin tausayi ne mutum ya yi ta kai da kawowa domin mutane har ƙarfinsa ya ƙare, ranar da nasa suka bukace shi kuma ya tsaya a kwana yana karkarwa. Makanikin nan ba mugu ba ne, kada wani ya fita ya ce malam ya ce a daina taimako. Injin da ƙofarsa ba ta buɗewa ko tashi ba zai yi ba. Amma wanda ya yi ƙofar ya yi mata lokacin buɗewa, ya yi mata lokacin rufewa. Ubangijinmu kansa yakan bar taro, masu bukata suna nemansa, ya tafi inda ba kowa domin ya yi addu'a. Ya kuma koya mana mu shiga ɗaki mu ja ƙofa in za mu yi magana da Uba. In shi ya rufe ƙofa, kai wane ne da za ka tokare taka da taya?

Ku lura kuma da jinƙan Allah a cikin labarin. Ɗan abin da mutumin nan ya ji a cikin shiru, shi ne ya sulhunta 'yan'uwa biyu. Kaɗan ne, amma an riƙe shi, shi ya sa ya yi ƙarfi. Sai dai jinƙan nan bai dawo masa da sauran ba. Ya gyara motar, ya koyi rufe ƙofa, amma bakin da zai sake faɗa masa ya riga ya rufe.

Kowannenmu yana da wani a gida da ya taɓa fara masa magana bai ƙarasa ba, tsoho ko tsohuwa, miji ko mata, aka ce masa "ina ji" alhali ba a ji. Yau in kun koma, kafin ku cire kayan Lahadi, ku ja ƙofa, ku kife waya, ku zauna kusa da shi tun yana iya magana. Ku ce masa, "Baba, faɗa mini maganar akuyar nan."